Kaskon Aboabo a Sanyin Jamus

Mafari: 2019 zuwa 2021

Magini ne, ya ba shekara arba'in baya da kaɗan, yana zaune a Aboabo cikin Kumasi. Fataucin goro ne ya kawo kakansa ƙasar Asante daga wajen Katsina, don haka ginin tukwane ba gadonsa ba ne. Tun yana yaro yake kai wa matan Pankrono itace, masu gina asanka, kaskon nan mai zane-zane a ciki da ake niƙa barkono da tumatir, kuma a gindinsu hannunsa ya saba da yumɓu. Da ya kawo ƙarfi sai ya kama ginin tukwanen furanni, na laka da na siminti, yana jera su a bakin titi.

A 2019 wani mai sha'awar shuke-shuke ya tsaya da mota ya nuna masa hoto a waya. Kasko ne mai kusurwa huɗu, marar zurfi, da 'yan ƙafafu a ƙasa. Ya ce na bonsai ne. Kalmar ta Japanawa ce, ma'anarta abin da aka dasa a faranti, su kuma daga Sinawa suka koyi sana'ar. Itace ne na gaske, irin wanda in an bar shi a daji zai ba da inuwa, amma a riƙa datse masa saiwa, ana aske rassa, ana tanƙwara su da waya, har ya shekara talatin bai wuce kamu biyu ba. Kaskonsa yana da ƙa'ida. Tsawonsa kamar kashi biyu cikin uku na tsayin itacen, zurfinsa kamar kaurin gindin, da manyan ramuka na tsiyayar ruwa, da ƙanana inda ake zura wayar da ke ɗaure itacen. Tukunyar fure in ta fashe a sayi wata. Wannan kuwa itace yakan yi shekaru a cikinsa, ƙasar kawai ake sauya masa.

Maginin ya gwada ya dace. Jan yumɓu yake saye daga wajen Afari, ya murza shi falle-falle, ya danna cikin mazubin filasta. Matoyarsa ta jan bulo ce, wuta daga ƙasa, itace yake zuba mata na wajen awa takwas. Ma'auninsa ido da kunne: in cikin matoya ya yi ja kamar garwashi ya san an kusa, in kaya sun huce ya ƙwanƙwasa da farce ya saurari amo.

Masu saye a Kumasi da Akra sun yaba. Cediya, durumi, tsamiya da kariya duk sun zauna lafiya a kasakensa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shan ruwan tulu. Yumɓun da bai sha wuta sosai ba yana naso, ruwa na ratsa jikinsa yana fita, abin da ke ciki ya yi sanyi. A garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, kaskon da ke tsotse rarar ruwa ya bar saiwa ta sha iska abin nema ne. Cikin shekara biyu ba wanda ya dawo masa da ko ɗaya.

Kayan farko: Yuli 2021 zuwa Maris 2022

Ƙanensa boga ne, yadda ake kiran 'yan Gana mazauna Turai, kuma shi a Hambog ta Jamus ma yake, garin da sunan ya samo asali. Ya zo Babbar Salla a Yulin 2021, ya ga kasaken jere a tsakar gida, ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya faɗi abin da ake sayar da irinsa a shagunan lambu na Jamus. Yayan ya ce ya sake faɗa.

A Satumba aka naɗe guda 120 cikin kwali da tsummoki, aka kai tashar jiragen ruwa ta Tema, aka haɗa su da kayan wasu a kwantena. Tara suka fashe a hanya. Ƙanen ya riƙa kai sauran kasuwar ƙarshen mako, yana kuma tallata su a intanet. Ya lura cewa tukwanen shago da yawa suna ɗauke da wata kalma, frostfest, wato mai jure ƙanƙara, kuma masu saye suna tambayarta. Sai ya bugo waya.

"Yaya, kaskon nan naka yana jure sanyi?"

"Wane irin sanyi? Hunturu biyu ya yi a waje a nan, ko gezau."

Ƙanen ya rubuta kalmar a takarda ya manna wa kowane kasko. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya a cikinsu. Sanyin da yayan ya sani shi ne na Janairu a Kumasi, daren da ma'auni ke sauka digiri 20 ko ƙasa kaɗan, leɓe ya tsage, a nemi bargo. Ruwa bai taɓa daskarewa a waje a garin ba.

Kafin Disamba an sayar da 84. Ƙorafi ya fara shigowa bayan Kirsimeti, zuwa ƙarshen Maris ya kai 31. Hotunan duk kamanninsu ɗaya: ƙafafu sun ruɓe sun zama gari, baki yana ɓamɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, wasu gindin ya zube gaba ɗaya da aka ɗaga. Ƙanen ya mayar da kuɗi.

Da ya bi sawun masu saye, ya gano wajen 40 ne suka bar nasu a waje, kuma duk 31 ɗin daga cikinsu suke. Waɗanda suka dasa dangin cediya suka ajiye a ɗaki kusa da taga, ko mutum ɗaya bai yi kuka ba. Na wajen kuma ba sakaci suka yi ba. Itatuwan ƙasar sanyi, irin su mapul da fayin, dole su yi barcin hunturu a waje, in aka shigar da su ɗaki mai ɗumi sai su raunana. Ke nan kasko zai kwana da jiƙaƙƙiyar ƙasa, dare ya daskarar, hantsi ya narkar, a wayi gari a sake, sau da dama kafin bazara.

A lokacin ba a ba wa wannan bambanci muhimmanci ba. Maginin ya ɗora laifin a kan jirgin ruwa. Ya ce jijjiga ce ta yi wa kayan tsagar da ido ba ya gani.

Kauri da ƙyalli: Afrilu 2022 zuwa Fabrairu 2023

Gyara biyu ya yi. Ya ƙara kaurin bango daga milimita 8 zuwa 14, ya kuma sayo ruwan ƙyalli daga Akra, wanda masu sana'a ke kira gilez, irin mai narkewa a ƙaramar wuta. Tunaninsa shi ne, tunda ƙanen ya ce ruwan sama da dusar ƙanƙara ke jiƙa kayan, a sa musu riga. Ya shafa a waje, ya bar ciki tsirara yadda ake barin kowane kaskon bonsai don saiwa ta sami abin kamawa. Sun fito shuɗi da kore, gwanin kyau. Na gan su da idona kafin a naɗe, kuma da an tambaye ni a ranar da na ce an gama magana.

Guda 60 suka tafi a Satumban 2022, kuɗin dako ya ƙaru saboda nauyi. An sayar da 38, aka bar 22 a waje. Zuwa Fabrairu 17 sun lalace, kuma ɓarnar ta fi ta bara muni. Ƙyallin ya fara da 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, daga nan ya riƙa ɓallewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai, yana tafiya da naman kaskon. Ruwan da ke kashe kayan daga ciki yake shiga, daga ƙasar da ake bai wa ruwa. Da, yana samun hanyar fita ta waje. Yanzu ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya taru a bayan ƙyallin, ya daskare a nan. Kaurin kuma bai ƙara komai ba sai yawan ruwan da bango ke riƙewa.

Cikin masu ƙorafin akwai wani dattijo da kaskonsa ya rabe cikin dare, saiwar itacen da ya yi shekara 15 yana raino ta kwana a fili, itacen bai tashi ba. Bai nemi diyya ba, hoto kawai ya aiko. Daga nan 'yan'uwan suka yi wata guda ba sa ɗaga wa juna waya, sai da mahaifiyarsu ta sa baki.

Sikeli da firiza: Maris zuwa Mayu 2023

Mai kawo masa yumɓu ne ya haɗa shi da wani tsoho Ba'asante da ya yi ritaya daga sashen tangaran na jami'ar KNUST ta Kumasi, inda ya shekara da shekaru yana kula da tanderu. Ya tashi kusa da zango, Hausarsa ras. Maginin yana ce masa Wofa, wato kawu, shi kuma yana ce masa Kramo, yadda Asantawa ke kiran Musulmi. Ya saurari labarin jirgin ruwa har ƙarshe, sannan ya ce, "Kramo, kana da sikeli?"

An aro na kicin, mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Aka fasa kasko ɗaya na kayan farko, aka gyara tsingaro ya zama giram 200 cif bayan an busar da shi ƙayau a kan wuta. Aka jiƙa shi a ruwan sanyi awa 24, aka goge, aka auna: 226. Aka tafasa shi awa 5, aka bar shi ya huce a cikin ruwan, aka sake aunawa: 229. Wato ya sha ruwa kashi 13 cikin ɗari na nauyinsa da jiƙo kawai, kashi 14 da rabi da tafasa. Ƙanen ya riga ya aiko da guntun wani fasasshen kaskon Japan na garin Tokoname, wanda shi da Yixing na ƙasar Sin su ne sunayen da masu bonsai suka fi girmamawa. Guntun giram 150 ne. Bayan tafasa ya nuna 152.

Tsohon ya zana bayanin a ƙasa da tsinke. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ya sa kwalbar lemo ke fashewa in an manta da ita a firiza. Jikin kasko cike yake da 'yan kafofi. Wasu ruwa na shiga cikinsu da jiƙo kawai, wasu sai an tafasa. Waɗannan na biyun su ne ɗakin ajiya, nan ƙanƙara ke samun wurin miƙe ƙafa. In aka raba 26 da 29 za a sami 0.9, ma'ana kashi tara cikin goma na kafofin sun riga sun cika tun kafin sanyi ya zo. Ƙa'idar Amurka ta bulon da za a yi gini da shi inda sanyi ke da tsanani ta tsayar da wannan lissafi a 0.78. Hanya biyu ke nan, in ji shi: ko a bar wa ƙanƙara wurin zama, ko a hana ruwa shiga tun farko. Ga kasko mai siririn bango da ke kwana da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta biyun ta fi tabbas, kuma masu ginin tangaran sukan nemi shan ruwa ya sauka ƙasa da kashi 3.

Maginin bai gamsu ba, lamba ce a takarda. Sai tsohon ya tambaya ko akwai mai firiza a layin.

Akwai wata Hajiya maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, tana da babbar firiza mai murfi a sama, irin mai sauka digiri 18 ƙasa da sifili. Ta ce, "Kai ɗan nan, tukwane za ka sa mini cikin kayan sha?" Aka daidaita a kan za a ƙulle kowane a leda biyu. Da magariba a ciro kasko daga bokitin ruwa a sa a firiza, da safe a mayar da shi bokiti. Zagaye 20 aka nufa, ɗauke wuta ya ja su kwana 27, don daren da aka yi dumso ba a ƙirga shi.

Mai ƙyallin ya fara zubar da ɓawo a safiya ta huɗu. Na kayan farko ya kai ta shida. Maginin ya kwance ledar, ya ga jan gari a gindinta, ya taɓa ƙafar kaskon da yatsa ta marmashe, daidai da hoton da aka aiko masa daga Hambog. Wannan kasko bai taɓa hawa jirgi ba. Guntun Japan ya gama zagaye 20 yadda ya shiga.

Saura a san iyakar wutar matoyar. Tsohon yana da tsohon kwali na kon, 'yan tsinin yumɓu masu tsayin ɗan yatsa da aka haɗa kowanne ya rusuna in ya sha wani adadi na zafi. Wani Bajamushe, Hermann Seger, ya ƙirƙiro su a 1886. Aka dasa na wajen digiri 1000 a wuri uku aka yi tuya. Na ƙasa kusa da wuta ya rusuna, na tsakiya ya ɗan karkata, na sama yana tsaye ƙyam. Mai yiwuwa 'yan kaɗan da suka tsira a Jamus daga layin ƙasa suka fito. A irin wannan zafi ƙwayoyin yumɓu sun kama juna ne kawai a inda suka haɗu, tsakaninsu fili. Sai wuta ta haura haka wani sashe na yumɓun ke narkewa ya zama gilashi ya cike tsakanin, yadda narkakken sukari ke cike tsakanin gyaɗa a kantu.

Neman wuta: Yuni zuwa Satumba 2023

Abin da ya fara yi, ba tare da ya gaya wa tsohon ba, shi ne ya ƙara itace. Awa 14 yana zuba wa matoyar. Da aka buɗe, layin ƙasa ya kumbura ya yi ƙuraje, wasu sun lanƙwashe sun manne da juna, bulon matoyar kansa ya fara narkewa, bango ɗaya ya dare. Kasko 40 suka salwanta. Jan yumɓun nasa yana da ƙarfe da yawa, kuma tsakanin nunarsa da narkewarsa taki ɗaya ne, matoyar da sama da ƙasanta ba su daidaita ba kuwa ba za ta iya tsayawa a kan takin nan ba.

Tsohon bai yi masa faɗa ba. Labari ya ba shi na Michael Cardew, Baturen Ingila da ya zo ƙasar nan a 1942, ya riƙe masana'antar tangaran ta Alajo a Akra, daga 1945 zuwa 1948 kuma ya zauna a Vume a bakin kogin Volta yana fama da yumɓu da tanderu a kan wannan matsala dai, ta toya ƙasar wurin a babbar wuta. Daga baya ya koma Najeriya ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, wadda hotonta ke bayan naira 20. "In shi ya sha shekara uku," in ji tsohon, "kai wata ɗaya ka yi."

Aka koma haɗa yumɓu. An yi haɗi shida, kowanne aka yanka shi 'yan alluna, aka ja layin santimita 10 a kai tun yana ɗanye, aka toya su a tanderun wani da tsohon ya sani. Wanda aka zaɓa: kashi 50 yumɓun Mfensi, 10 jan Afari don launi, 10 farin yumɓun kawolin na Teleku-Bokazo a ƙasar Nzema, 20 garin dutsen felsfa wanda shi ne mai narkewa ya cike kafofi, 10 kuma dakakken bulo mai jure wuta. Maginin ya so ya daka tsingaronsa da ke jibge a bayan gida a maimakon bulon, yadda magina ke yi tun kaka da kakanni. Tsohon ya hana, ya ce abin da ya narke jiya zai narke gobe.

Tanderu sabo aka gina, ƙarami, da bulo mai jure wuta, irin wanda harshen wuta ke hawa ya bugi rufi ya sauko ta cikin kaya kafin ya fita ta bututu, don sama da ƙasa su daidaita. Wani maƙeri a Suame Magazine, unguwar maƙera da kanikawa ta Kumasi, ya ƙera bakunan wuta huɗu. Kuɗin daga susu, wato adashi, ya fito, ƙanen ya cika.

A tuyar farko, wajen awa ta bakwai, wuta ta fara ja da baya. Suka duba ko'ina ba su ga dalili ba, sai yaron shagon ya ce a zo a ga tukunyar gas. Farin abu ya lulluɓe gindinta. Maginin ya kankara da farce: ƙanƙara ce. Gas in ana zuƙarsa da sauri yana sanyaya tukunyarsa har ƙarfinsa ya faɗi. Tsohon ya sa aka zaunar da tukwanen biyu cikin baho na ruwan ɗumi, wuta ta miƙe. Maginin ya ce ƙanƙarar da ta cinye masa kaya a Jamus yau ta biyo shi har Aboabo.

Awa 11 aka yi kafin kon na wajen digiri 1250 ya rusuna. Ana tafiya a hankali wajen 573, inda ƙwayoyin yashi da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, haka ma wajen hucewa, don haka tanderun ya kwana ya wuni ya sake kwana a rufe.

Sabuwar wuta ta zo da nata rigima. Layin santimita 10 ya koma 8.8, kaskon da aka gina a 30 ya fito 26 da 'yan kai, dole aka sake mazubai. Shimfiɗaɗɗen gindi yana lotsawa a tsakiya, ƙafafu kuma suna kama kantar tanderu yayin da jiki ke tsukewa, sai gindin ya tsage. Aka barbaɗa garin bulo a kanta don ƙafafun su riƙa zamewa, manyan kuma aka sa musu matashi na yumɓu a tsakiya. Tuya uku aka yi kafin a ce madalla.

Awo: shan ruwa kashi 1.6 bayan tafasa. Zagaye 30 a firizar Hajiya, leda ta fito ba gari. In aka ƙwanƙwasa, amon ya daɗe kamar na ƙararrawa.

Uku da suka dare: Oktoba 2023 zuwa Maris 2024

An aika 48. Goma ƙanen kyauta ya raba wa waɗanda suka yi asara a baya, dattijon nan na cikinsu, da sharaɗin su bar su a waje. Har Maris ba wanda ya ɓamɓare. Amma uku sun dare, tsaga ɗaya tak, daga baki zuwa gindi, kamar an sa wuƙa.

Duka ukun siffarsu ɗaya: masu zagaye, ciki ya buɗe, baki ya tsuke kamar na tukunyar miya. Wannan siffa ta ci gwajin firiza, sai dai wayam aka sa ta. Aka cika ɗaya da jiƙaƙƙiyar ƙasa aka mayar. Dare na biyu ta dare. A nan ba jikin kaskon ne ya sha ruwa ba, curin ƙasar da saiwa ne ya daskare ya kumbura. In bango ya buɗe zuwa sama, curin yakan ɗan ɗago ya huta. In baki ya tsuke ba shi da mafita, sai ya tura gefe, yumɓun da aka toya kuwa yana jure danniya amma ba ya jure ja.

An daina aika wannan siffa ga masu dasawa a waje. Sauran aka ɗan buɗe bangonsu, aka faɗaɗa ramukan tsiyaya, aka karkata gindin ciki kaɗan zuwa ramin don kada ruwa ya kwanta a kusurwa, ƙafafu kuma aka ɗaga su zuwa santimita ɗaya don kada kasko ya daskare ya manne da benci. Daga lokacin duk gwajin firiza da ƙasa a ciki ake yinsa.

Inda aka tsaya: Oktoba 2024 zuwa Afrilu 2025

Guda 70 suka tafi a Oktoban 2024. Zuwa Afrilu ba ƙorafin sanyi ko ɗaya. Ɗaya ya fashe, iska ce ta ture shi daga baranda.

Kasko mai babbar wuta yana cin kuɗi kusan ninki uku na tsohon, tsakanin gas, felsfa da asarar tanderu, don har yanzu ɗaya cikin biyar yakan fito a lanƙwashe ko a tsage. Ya gwada sayar da su a gida. Mutum biyu suka dawo a tsakiyar damina, cediyarsu ta zubar da ganye, saiwa ta ruɓe. Sun zuba baƙar ƙasa mai danƙo yadda suka saba, sabon kaskon kuwa ba ya tsotse komai. Ya gyara tsohuwar matoya. Yanzu kaya iri biyu yake yi, da hatimi daban-daban a gindi: jan kasko na itace don Kumasi, Akra da masu ajiyewa a ɗaki a Turai, na gas kuma don waje.

A ganina kaskon farko ba shi da aibu. An kai shi inda abin da ake yabonsa da shi ya zama ajalinsa, kuma kalma ɗaya ce ta kai shi, sanyi, wadda yaya da ƙane kowa ya ji ta da ma'anar garin da yake zaune. Ƙanen ya fi ɗaukar nauyi, don shi ya san hunturun Hambog kuma shi ya manna takarda a kan abin da ba a gwada ba. Yayan nasa laifin na shekara ta biyu ne. Amsar tana hannunsu tun Maris 2022: na ɗaki duk lafiya, na waje kashi uku cikin huɗu sun mutu, alhali jirgi ɗaya ya ɗauko su. Ya tsallake wannan ya kama gyaran da ido ke gani, kauri da ƙyalli, ya ƙara shekara guda da kasko 60 a kan asarar. Kunnensa ma bai yaudare shi ba, amo yana gaya maka kasko ba shi da tsaga, ba ya gaya maka ruwan da zai sha.

Abin da ya yi aiki kuma jeri ne, ba abu ɗaya ba. Wuta ba ta yiwu ba sai da aka sauya yumɓu, yumɓun bai isa ba sai da aka gyara siffa, kuma da ba don sikelin kicin da firizar sobolo ba, kowane gwaji sai an jira jirgi da hunturu, shekara guda ke nan a kan tambaya ɗaya. Gwajin ma ya yi kuskure sau ɗaya, da aka sa kasko wayam alhali ba wanda ke amfani da shi wayam.

Zuwa Afrilun 2025 hunturu biyu kaɗai sabon haɗin ya gani, itacen da za a dasa a ciki kuwa yana iya wuce mai shi a duniya. Ƙanen ya daina rubuta kalmar nan ita kaɗai. Takardar yanzu tana faɗin zafin da aka toya kaskon, ruwan da yake sha da zagayen firiza da ya yi. Daga kowace tuya ana ware ɗaya, a karce kwanan wata a gindinsa, a cika shi da ƙasa a ajiye a barandar ƙanen a Hambog. Sun kai tara. Hajiya kuma ta yanka wa kusurwar firizarta kuɗin haya, wata-wata.